Rum Ba Ta Bakin Teku: Yadda Jirgin Ruwa Ya Kusa Tashi Ya Bar Ni A Italiya

A takardar tsarin tafiya da aka ba mu tun kafin mu shiga jirgi, an rubuta wa ranar Talata suna da manyan baƙaƙe: RUM. A gefe kuma, da wasu ƙananan baƙaƙe waɗanda sai mutum ya ƙura ido, aka maƙala wani dogon suna mai karya harshe, Civitavecchia. Ni dai ban kula da shi ba. Na ɗauka sunan wata unguwa ce ta bakin ruwa, kamar yadda Apapa take a Ikko, watau mutum ya sauko daga jirgi ya taka 'yan taku kaɗan sai ga shi a tsakiyar birni.

Ashe ba haka abin yake ba. Civitavecchia, wadda mutanen ƙasar ke kira Cibitabekkiya, gari ce mai zaman kanta, kuma tsakaninta da birnin Rum akwai kimanin kilomita 80 ta hanyar dogo, watau kamar daga Kaduna zuwa Zariya. Mai karatu ya ƙiyasta da kansa: an sauke baƙo a Kaduna da safe, an ce masa ga Zariya can, ya je ya ga ganuwa da fadar Sarki da jami'a, amma lalle ya dawo kafin magariba, in kuwa ya makara to masaukinsa zai ɗaga ya tafi da kayansa duka. Wannan shi ne halin da dubban mutane ke samun kansu a ciki kusan kowace safiya a wannan tasha, wadda a shekarar 2023 kaɗai fasinjojin jiragen ruwan shaƙatawa fiye da miliyan 3 suka bi ta cikinta.

Cikin watan Oktoba na wannan shekara ta 2023 ne na bi yayana da iyalinsa a irin wannan jirgi, lokacin da nake hutun shekara. Shi mazaunin Turai ne, shi ya ɗauki nauyin tafiyar, domin albashin ɗan jarida ba ya kai mutum nan. Jirgin kuwa gari ne guda a kan ruwa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da kantuna, kullum ya kwana yana tafiya, gari na wayewa ya tsaya a wata tasha. Tun daren Litinin aka sanar da mu cewa jirgi zai tashi daga Cibitabekkiya da ƙarfe bakwai na yamma, kuma ana son kowa ya kasance a ciki kafin shida da rabi.

A daren nan ne muka yi gardama da Yaya. Masu jirgin suna da motocin safa nasu da ke ɗaukar mutum daga gindin jirgi su kai shi Rum su dawo da shi, amma kuɗin kujera ɗaya ya ninka na jirgin ƙasa fiye da sau shida. Tikitin jirgin ƙasa na gama-gari a lokacin Yuro 4.60 ne zuwa, haka kuma dawowa. Na ce, "Yaya, wannan ai ɓarnar kuɗi ce. Hanya ɗaya ce, gari ɗaya za mu." Ya yi murmushi ya ce, "Malam ɗan jarida, ba kujera nake saye ba. In safar nan ta makara, jirgi zai jira ta, domin tasu ce. In kai ka makara, ba wanda ya san da zamanka." Na ce na ji, amma zuwa da kai ya fi aike, ina son in ga ƙasar da idona, ba ta tagar mota mai na'urar sanyi ba. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, in dai riƙe fasfona a jikina.

Darasin farko na samo shi tun ban bar harabar tasha ba. Tashar doguwa ce ƙwarai, jiragen shaƙatawa suna jeruwa ne a jikin wata katangar kare igiyar ruwa wadda ta miƙe cikin teku, saboda haka daga inda aka ɗaure namu zuwa ƙofar fita ba tafiyar ƙafa ba ce ga mai ƙoƙarin cin lokaci. Akwai bas ta kyauta da ke kwashe mutane zuwa wani fili da ake kira Largo della Pace, amma sai an bi layi, ga shi kuwa a safiyar nan jirage uku ne suka zubo mutanensu a lokaci guda. Akwai kuma wata bas da ke kai mutum har ƙofar tashar jirgin ƙasa kai tsaye, sai dai kuɗinta ya ɗara na tikitin zuwa Rum ɗin kansa. Wannan ya ba ni haushi, na ƙi shiga. Na bi ta kyauta, daga filin nan kuma na kama hanya da ƙafa, tafiyar da ta ci mini kusan minti ashirin da biyar. Kafin in ga dogo da idona, sa'a guda cur ta wuce tun saukowata daga jirgi, alhali ban matsa kusa da Rum da ko taku ɗaya ba.

Duk da haka ban yi da-na-sanin tafiyar ƙafar ba, domin ita ce ta nuna mini cewa garin da mutane ke ratsawa a guje, ba su ko ɗaga kai, yana da nasa tarihin. Tambayar da ta dame ni ita ce, yaya aka yi birni kamar Rum, wanda har tekun nan muke kira da sunansa, Bahar Rum, ya rasa tashar da babban jirgi zai tsaya? Amsar tana ga kogin Tiber. Birnin yana can cikin tudu a gefen kogin, bakin kogin kuwa kullum yashi da laka suna cike shi, abin da ya wahalar da tsohuwar tashar Ostia tun zamanin da. A farkon ƙarni na 2 na Miladiyya Sarki Tarajan ya sa aka gina wata tasha a nan arewa, inda gaɓar take da duwatsu kuma babu kogin da zai kawo laka, aka sa mata suna Centumcellae. A ƙarni na 9, bayan hare-haren mayaƙan Larabawa da suka zo ta teku, mutanen garin suka watse, har Paparoma Leo na Huɗu ya gina musu sabon gari a kan tudu a shekarar 854. Daga baya, kamar yadda labarin gargajiyar garin ya nuna, suka yi shawara suka koma kufansu na bakin ruwa. Shi ya sa ake ce masa Cibitabekkiya, ma'anarsa tsohon gari.

A kan hanyar tasha mutum zai wuce wani katafaren sansanin tsaro na dutse, wanda aka soma ginawa a 1508 bisa umurnin Paparoma Julius na Biyu, ana kuma kiransa da sunan shahararren magini Mikelanjelo, wanda aka ce shi ya ƙarasa hasumiyarsa. Sauran garin kuwa yawancinsa sabon gini ne, ba wani abin kallo, saboda ruwan bama-baman da jiragen Sojojin Ƙawance suka yi masa tun daga watan Mayu na 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Tashar jirgin ƙasan ƙarama ce, ba ta kai girman aikin da aka ɗora mata ba. Layi a gaban mai sayar da tikiti, layi a gaban na'urorin sayarwa, ga harsuna iri-iri suna tashi. A nan akwai wani tarko da ke kama baƙi. Tikitin takarda na jirgin gama-gari ba ya ɗauke da lambar kujera, kuma ba ya aiki sai mutum ya cusa shi cikin wata 'yar na'ura da ke jikin bango ta buga masa rana da lokaci. Wanda ya shiga bai buga ba, in mai duba tikiti ya same shi, tara zai biya, rashin sani kuwa ba hujja ba ne a wurinsu. Wata dattijuwa 'yar garin ce ta ga na nufi dandamali da tikitina a hannu, ta taɓa ni, ta nuna mini na'urar da yatsa ba tare da ta ce uffan ba. Akwai kuma wani tikitin yini guda da ya haɗa zuwa da dawowa da motocin bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin Rum, wanda da na sani da shi zan saya. Har wa yau a 2019 aka fito da wani jirgi na musamman domin mutanen jiragen ruwa, mai tabbacin kujera, amma a lokacin tafiyata sau ƙalilan yake tashi, lokacinsa bai yi daidai da nawa ba.

Na sami kujera a hannun dama, nan ne ɓangaren teku ga mai zuwa Rum. Wannan hanyar dogo tsohuwa ce, an buɗe ta tun 1859, zamanin Paparoma Pius na Tara, lokacin da yankin duka yake ƙarƙashin mulkin Paparoma, Italiya ba ta gama haɗewa ƙasa ɗaya ba. Minti ashirin na farko su ne daɗin tafiyar. Dogo yana bin gaɓa, teku tana ɓuya bayan gidaje tana sake leƙowa. Muka tsaya a Santa Marinella, garin hutun mutanen Rum, sa'an nan Santa Severa, inda ake hango wata tsohuwar fada a bakin ruwa, igiya tana dukan gindinta. A wurin nan ne a 1964 masu tonon kayan tarihi suka samo wasu faranta uku na zinariya, masu shekara wajen 2,500, biyu da rubutun Itiruskawa, mutanen da suka riga Rumawa ƙarfi a yankin, ɗaya kuma da rubutun Finikiyawa, dangin mutanen Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau. Ke nan tun Rum ba ta zama komai ba jiragen arewacin Afirka suke sauka a wannan gaɓa.

Bayan Ladispoli dogo ya rabu da teku, ya shiga wani shimfiɗaɗɗen fili na gonaki da shanu a wajen Maccarese. Ban san lokacin da na bar kallon agogo na koma kallon ƙasar ba. Wannan fili mai albarka da fadama ce ta sauro, wadda zazzaɓi ya hana mutane zama a cikinta ɗaruruwan shekaru. Kalmar maleriya da likitocinmu ke rubutawa ma daga harshen Italiya ta fito, ma'anarta muguwar iska, don a da sun zaci tururin fadama ke kawo cutar. Wani masani ɗan ƙasar, Giovanni Battista Grassi, da abokan aikinsa ne suka tabbatar a 1898 cewa wani jinsin sauro ne ke ɗaukar cutar daga mutum zuwa mutum. Aka janye ruwan fadamun, aka raba magani, aka yi feshi, har a 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Italiya ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Ni da na kwanta da shi sau biyu a daminar shekarar, sai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Mutumin da ke cikin safa a kan babbar hanya zai wuce nan yana gyangyaɗi.

A kowace tasha mutane suna ƙaruwa, ɗalibai da ma'aikata, domin jirgin nasu ne na zuwa aiki, mu baƙi cusa kai muka yi. Kafin mu shiga birni babu masaka tsinke. Wajen sa'a guda da tashinmu, muna fitowa daga wani rami, sai ga ƙubbar majami'ar San Pietro ta Batikan tsaye a gabanmu kamar a miƙa hannu a taɓa. Nan ne tashar Roma San Pietro, kuma nan ya kamata mai ƙarancin lokaci ya sauka, don daga nan zuwa dandalin fadar Paparoma tafiyar minti goma sha biyar ce. Wanda ya zauna yana jiran babbar tasha zai ƙara ɓata wajen minti ashirin ko fiye, saboda jirgin sai ya kewaye birnin ta kudu, ya tsaya a Trastevere da Ostiense da Tuscolana, kana ya shiga Termini. Wannan kam na dace, na sauka a San Pietro.

Labarin abin da na gani a Rum sai wani makon. Abin da zan ce kawai shi ne na ratsa birnin da ƙafa daga yamma zuwa gabas, na ƙetare Tiber, na leƙa tsohon ginin Pantiyon, na ƙare a Kolosiyam, filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80 ta Miladiyya. Sa'o'i biyar da 'yan kai na samu, ba su isa ko gaisuwa da birnin ba. Daga Kolosiyam na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, tasha biyu sai ga ni a Termini, ƙarfe uku da 'yan mintoci. Jirgin da na yi niyyar bi zai tashi ne jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu. Na yaba wa kaina.

To, a nan ne na yi wautar. Yunwa ta kama ni, na ga wani gidan abinci na 'yan Bangaladesh a layin da ke kusa, na shiga na nemi shinkafa da naman rago. Ina ci ina hango rufin tashar ta taga, zuciyata tana ce mini ai na riga na iso. Sai da ya rage minti bakwai na biya na fito. Na shiga tasha, na ɗaga kai na duba babban allo, na ga jirgin Cibitabekkiya yana dandamali na 27. Na bi lambobi, 20, 22, 24, sai lamba ta ƙare. Babu 25, balle 27.

Abin da ban sani ba shi ne, Termini, tashar da ta fi kowace girma a Italiya, tana da wasu dandamalai da aka tura can baya, daga 25 zuwa 29, kuma a nan jiragen Cibitabekkiya suka saba tsayawa. Kafin mutum ya kai gare su sai ya bi gefen dandamali na 24 har ƙarshensa, tafiyar minti goma ga mai sauri. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Na ruga da gudu, cikina cike da shinkafa, jaka tana dukan bayana. Ina isowa ƙofofi suna rufewa. Na tsaya ina haki ina kallon jan fitilar taragon ƙarshe har ta ɓace.

Na gaba sai bayan kusan rabin sa'a. Na zauna a kan benci na shiga lissafi, irin lissafin da ya kamata in yi tun da safe. In ya tashi biyar saura kwata, ya ci sa'a guda da minti ashirin, zan sauka shida da 'yan mintoci. Daga tasha zuwa gindin jirgi da safe sa'a guda na ci. Lissafi bai fita ba. Gumi ya karyo mini duk da sanyin Oktoba. Tashar jirginmu ta gaba Palermo ce, a tsibirin Sisili, kuma ƙa'ida ita ce wanda jirgi ya bari shi zai kai kansa can da kuɗinsa. A aljihuna akwai fasfo da abin da bai kai Yuro 70 ba. Na tuna kuma da abin da wani ma'aikacin jirgin ruwan ya gaya mini, cewa babban abin tsoro a hanyar nan shi ne yajin aiki. Ana sanar da shi tun da wuri, kuma doka ta tanadi cewa a ranakun aiki jiragen gama-gari za su yi zirga-zirga daga shida zuwa tara na safe, da shida zuwa tara na dare, amma shidan yamma ba ta da amfani ga wanda ake rufe wa ƙofa shida da rabi. Ranar dai babu yajin aiki, babu laifin kowa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Na buga wa Yaya waya. Suna cikin safa a kan babbar hanyar A12, yara suna barci. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya ce, "Ka zauna a taragon da ke kusa da ƙofar fita, kana sauka ka shiga bas ɗin nan da ka raina da safe. Ni zan tsaya a bakin matakala."

Tafiyar dawowa ban ga teku ba, ban ga gona ba, agogo kawai nake kallo. Abu ɗaya da shiga a Termini ya amfane ni shi ne kujera, don waɗanda suka shigo a Ostiense da San Pietro a tsaye suka yi tafiyar. Da yawansu kuwa 'yan jiragen ruwa ne, ana gane su da katin da ke rataye a wuyansu da yadda kowa ke duba wayarsa. A Santa Marinella jirgin ya yi tsayuwar da ba ta wuce minti biyu ba, na ji kamar shekara. Shida da minti takwas muka sauka. Bas tana nan a ƙofar tasha, na miƙa kuɗin da na ƙi biya da safe, har ina godiya.

Da aka natsu, na tambayi Yaya yadda tasu ta kasance. Sun tashi daga gindin jirgi takwas da rabi, sun yi sa'a guda da rabi a hanya saboda cunkoson shiga birni, an sauke su kusa da Batikan, domin ba a barin manyan motoci su kutsa tsakiyar tsohon birnin yadda suka ga dama. Aka yanka musu lokacin haɗuwa, suka dawo cikin kwanciyar hankali. Sa'o'in da suka samu a Rum ba su gaza nawa ba. A ganina, mai iyali, ko dattijo, ko wanda bai taɓa shiga ƙasar ba, safar jirgin ta fi masa, sai dai ya tabbata ta masu jirgin ce, don akwai safofin 'yan kasuwa masu araha a bakin tasha waɗanda jirgi ba ya jira. Ni kuwa ko gobe aka ce in zaɓa, jirgin ƙasa zan sake bi, amma wanda zai tashi ƙarfe uku, da wasu biyu a bayansa, abinci kuma sai na dawo Cibitabekkiya.

Shida da minti ashirin da shida na miƙa katina aka duba. Yaya yana tsaye inda ya ce, hannunsa a aljihu. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Sannu da zuwa. Nawa ka rage mana?" Ban amsa ba.

Muka hau can sama muka jingina da ƙarfe muna kallon ma'aikata suna janye matakala. Wajen bakwai saura kwata aka soma kiran sunayen wasu fasinjoji biyu a lasifika, ana roƙonsu su tuntuɓi ofishin baƙi in suna ciki. Aka sake kira, aka kuma sakewa. Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci aka kwance igiyoyi, jirgi ya yi ƙara sau uku, ruwa ya soma buɗewa tsakaninmu da katanga.